KWALIN LITTATTAFAI DAGA ALƘAHIRA

 A wannan mako za mu ajiye wasiƙun da suka taru a gabanmu, mu ɗauki tambaya ɗaya tak, wadda ba a cikin ambulan ta zo mana ba, a cikin kwali ta zo.

Wani dattijo maƙwabcinmu, ɗan kasuwa, mutum mai kiyaye jam'i, ya yi mana sallama bayan la'asar, yaro na biye da shi ɗauke da kwali a ka. Ya ce ɗansa ne ya komo daga karatu a Alƙahira bayan shekara 5, kuma a cikin kayansa, ƙarƙashin littattafan fiƙihu da nahawu, aka tarar da waɗannan. Shi dai ba ya jin Larabci, amma bangon littattafan ya ishe shi shaida: ga ƙoƙon kan mutum, ga wata halitta mai zaƙo-zaƙon haƙora, ga samari da 'yan mata suna tashi sama kamar shirwa. Ya riga ya sayi kananzir. Ɗan kuwa ya rantse cewa ranar da aka cinna wa kwalin wuta, ranar zai bar gidan. Uwar yaron ce ta shiga tsakani, ta ce a kai wa malam. Dattijon ya dube mu ya ce, "Allah gafarta Malam, kalma ɗaya nake so, in na ji ta daga bakinka shi ke nan."

Ba za mu ɓoye muku ba, kalmar tana kan harshenmu. Abin da ya riƙe ta shi ne ƙa'idar da aka koya mana tun muna gaban malamanmu, cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san kamanninsa, kuma wanda ya yi fatawa bisa bangon littafi bai bambanta da alƙalin da ya yi shari'a bisa rigar mai ƙara ba. Muka ce, "Alhaji, ka bar mana shi wata ɗaya." Wata 3 ya yi a wurinmu, muna ɓoye shi bayan buhun gero don kada almajirai su gani su yi mana wata fassara.

Tambayar da ta riga sauran ita ce, shin ya halatta Musulmi ya ƙaga labarin da bai auku ba, ko kuwa wannan ƙarya ce kamar kowace ƙarya? Duk wanda ya yi nisa a karatun zaure har ya kai ga littattafan lugga ya san amsar da malamanmu suka bayar a aikace, domin kuwa sun karantar da mu Muƙamatul Hariri. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, littafinsa kuwa maƙama 50 ne, dukkansu labarin wani tsoho mai wayo, Abu Zaid Assaruji, wanda yake yawo gari gari yana cin dukiyar mutane da zaƙin baki, yau mai wa'azi, gobe mai bara, jibi makahon ƙarya. Tun a gabatarwa Hariri ya kare kansa da cewa aikinsa irin labaran nan ne da ake sawa a bakin dabbobi. Sai wani malamin nahawu na Bagadaza, Ibnul Khashshab, ya yi masa raddi da cewa kwatancin bai yi ba, gama babu mai hankalin da zai gaskata cewa zaki ya yi shawara da dila, amma ana iya gaskata cewa an yi wani Abu Zaid wanda ya aikata kaza da kaza. Daga baya Ibnu Barri na Masar ya tashi ya kare Hariri. To, a lura da wani abu a nan. Ko a wurin mai tsanantawar, labarin da kowa ya san ba shi yiwuwa shi ne mafi nisa daga ƙarya. Watau almara tsagwaronta, wadda dattijonmu ya fi tsoro, ita ta fi kuɓuta, domin laifin ƙarya yana cikin ruɗin mai saurare, mai sayen almara kuwa ya san abin da ya saya.

Mu ma a nan ba baƙi ba ne ga wannan. Kakanninmu mata sukan rufe tatsuniya da jingina ƙaryar ga Gizo, don yaro ya san inda wasa ya ƙare. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara sun fito a 1934, cike suke da aljanu da garuruwan da babu su, kuma masu nazari sun daɗe da nuna cewa Malam Zurƙe jikan Abu Zaid ne. Dukkan marubutan biyu 'ya'yan malami ne, sun yi karatun addini, ba kuwa wanda ya sayi kananzir dominsu.

LIKITAN TANTA

Mafi yawan abin da ke cikin kwalin ƙananan littattafai ne masu shiga aljihu, na Dakta Ahmad Khalid Taufiƙ, likita kuma malamin jami'a a garin Tanta na ƙasar Masar, wanda aka haifa a 1962, ya rasu a 2018, Allah Ya jiƙansa. Jerin labaransa na ban tsoro, mai suna Ma Wara'aɗ Ɗabi'a, ya fara fita a 1993, ya ƙare a 2014 bayan littafi 80 da ɗoriya. Mun buɗe na farko muna tsammanin hatimai da surkulle. Sai muka tarar da wani tsohon likitan jini, Rif'at Isma'il, siriri, mai sanƙo, mai ciwon zuciya, wanda taba ba ta barin bakinsa, yana ba da labarin abubuwan da suka firgita shi a rayuwa, yana kuma yi wa kansa ba'a a kowane shafi. Ba jarumi ba ne, gudu yake in gudu ya kama. Sau da yawa abin da aka ɗauka fatalwa ce yakan zama cuta ko zambar ɗan Adam, wani lokaci kuma likitan ya rasa bayani, ya ce bai sani ba. Harshen marubucin tsaftatacce ne, ba mu ci karo da batsa ba. Yana ma da wani jeri dabam, Safari, wanda likitansa ke aiki a Ngaundere ta Kamaru, nan kusa da mu. Ranar jana'izarsa samari suka cika Tanta, yawancinsu waɗanda suka ce a hannunsa suka koyi son karatu.

Wannan hali na tuhumar abin tsoro kafin a gaskata shi ba sabo ba ne a wurin Musulmi. Muslimu ya ruwaito hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore abin da Larabawan jahiliyya suke faɗa game da gulu, watau dodon dajin da suke cewa yana sauya kama yana ɓatar da matafiya. Jahizu kuma, a cikin Kitabul Hayawan, ya kawo bayanin malaminsa cewa kaɗaici da duhun hamada su ke sa mutum ya ji motsi kaɗan ya mai da shi babba, sa'an nan ya komo gari ya yi waƙa a kansa, 'ya'ya su tashi da waƙar su gaskata. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya tabbatar da su, har da sura guda mai sunansu. Amma tabbatar da su daban, gaskata duk abin da aka jingina musu daban. Mun lura cewa yaron da ya tashi da wannan likita mai yawan tambaya ya fi wuyar damfara a hannun boka fiye da wanda bai taɓa karanta kome ba.

A nan tilas mu faɗi wata magana ko da za ta yi ɗaci. Littafin da yake koyar da tsafi na gaske, irin Shamsul Ma'arif da ake jingina wa Buni, ana sayar da shi a kasuwanninmu a fili, da bango mai kwarjini da rubutu irin na littattafan malamai, kuma ba mu taɓa jin uba ya kawo shi a kwali yana neman fatawa ba. Ƙoƙon kai a bango ne ya tayar da hankali, alhali dafin yana cikin wanda ba shi da hoto.

Akwai hadisin Abu Dawuda da ya hana Musulmi ya firgita ɗan'uwansa, ko da wasa. Wannan ya shafi wanda aka firgita ba da sonsa ba. Baligin da ya ɗauki littafi da hannunsa, ya san yana iya rufe shi, bai shiga ciki ba. Ƙaramin yaro da mai fama da waswasi kuwa sun shiga, kada a ba su. Aibin da muka gani da idonmu dabam ne, kuma a kanmu muka gan shi: wani dare muka ce bari mu duba babi ɗaya bayan shafa'i da wutiri, ba mu farga ba sai da ladan ya yi kiran farko, wuridin daren ya wuce. Ashe tsofaffi da suka hana tatsuniya da rana sun san abin da suke tsaro.

GAWAR BAGADAZA

Littafi ɗaya ne a cikin na ban tsoro ya hana mu barci, ba kuwa don tsoro ba. Sunansa Frankenstein fi Bagdad, na Ahmad Sa'adawi mutumin Iraƙi, ya fito a 2013, ya ci babbar gasar ƙagaggun labarai ta ƙasashen Larabawa a 2014. Sunan ya aro shi ne daga tsohon labarin wata Baturiyar Ingila, Mary Shelley, na 1818, amma abin da ke ciki na Bagadaza ne tsantsa, a shekarar 2005, lokacin mamayar Amurka, sa'ad da bom yake tashi a kasuwa kamar yadda ake kiran salla.

Wani mai sayen tsofaffin kaya, Hadi, ya rasa amininsa a tashin wata mota. Da ya je ɗakin ajiye gawa sai ya tarar babu gawa, sai gunduwa-gunduwa a gauraye, aka ce masa ya harhaɗa guda ya tafi da ita. Daga ranar hankalinsa ya taɓu. Ya shiga bin wuraren da bom ya tashi yana tsintar abin da aka bari a titi, hancin wannan, hannun wancan, yana ɗinkewa, yana cewa so yake a sami cikakken mutum don hukuma ta yarda gawa ce, a binne ta kamar 'yan Adam, kada a share ta da shara. Sai ruhun wani mai gadin otal, wanda bom ya ƙone jikinsa ƙurmus har bai bar abin binnewa ba, ya shiga wannan jiki, gawa ta miƙe. Ba ta da suna, mutane suna ce mata "wane ne ma sunansa". Wata tsohuwa Kirista, wadda ɗanta ya tafi yaƙin Iraƙi da Iran bai komo ba, ta gan shi ta ce ɗanta ne ya dawo, ta ba shi tufafinsa.

Aikin wannan halitta ɗaukar fansa ne, kowace gaɓa tana neman wanda ya kashe mai ita. Amma gaɓoɓin suna ruɓewa suna zubewa, tilas a sami sababbi. Da farko daga waɗanda aka zalunta ake ɗauka, sa'an nan aka fara sa naman masu laifi, daga ƙarshe ya shiga kashe marasa laifi don ya sami abin da zai ci gaba da ɗaukar fansar marasa laifi. Jama'a, mun yi shekaru muna wa'azi a kan ayoyin ƙisasi, muna bayyana dalilin da ya sa Shari'a ta ɗauke fansa daga hannun mai fushi ta sa ta a hannun alƙali, ta kuma hana wuce iyaka a kisa. Ba mu taɓa samun misalin da ya kai wannan ba.

Da muka zo wurin tsintar gaɓoɓin sai muka rufe littafin, muka ɗauko Risala ta Ibnu Abi Zaid, inda ya ce ana yin salla ga mafi yawan jiki, an kuma yi saɓani a kan abin da bai wuce hannu ko ƙafa ba. Muna yara mun karanta wannan mas'ala muna ganin ta irin waɗanda malamai ke ƙaddarawa don wasa ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka tsaya a kan gawawwaki bayan harin babban masallacin Kano na ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014, inda aka rasa fiye da mutum 100, da 'yan'uwanmu na Maiduguri da suka ga irinsa ba sau ɗaya ba, sun san ba ƙaddarawa ba ce. Marubucin ya ƙaga gawa mai tafiya, wannan ƙarya ce da kowa ya sani. Sauran duk gaskiya ne.

Na zane-zane kuwa ba su ɗauke mu lokaci ba. Mujallu ne masu suna The 99, waɗanda wani likitan halayyar ɗan Adam mutumin Kuwait, Nayif Almuɗawwa, ya fara fitarwa a 2006. Labarin ya tashi daga faɗuwar Bagadaza a hannun Hulaku a 1258, sa'ad da aka zuba littattafai a kogin Dijla. Ya ƙaga cewa masu tsaron littattafan sun tsame ilmin a cikin duwatsu 99 masu daraja, waɗanda suka warwatsu a duniya, kuma duk yaron da dutse ya dace da shi yakan sami wani ƙarfi mai suna irin sifa daga kyawawan sunayen Allah: ga Jabbar, ga Nura, ga Baɗina mai lulluɓi. A 2010 shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, ya yabe shi a bainar jama'a. Duk da haka wasu a Amurka suka ce dabara ce ta cusa wa yara Shari'a, har tashar talabijin da ta sayi shirin ta fasa nuna shi. A 2014 kuma majalisar fatawa ta Saudiyya ta haramta shi, aka kai mutumin kotu a Kuwait, aka yi masa barazanar kisa, daga baya kotu ta wanke shi. Ya sha duka gaba da baya.

Game da zanen kansa, sanannen zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne cewa abin da aka haramta shi ne siffar mai rai cikakkiya wadda take da inuwa, watau gunki, zane a takarda kuwa bai wuce karhanci ba. Waɗansu mazhabobi sun fi tsanantawa, muna girmama su. Shi kansa littafin Hariri, wani mai zane, Yahaya Alwasiɗi, ya ƙawata shi da hotunan mutane da raƙuma a 1237, kofen yana ajiye a Faris ta Faransa har yau.

Game da sunayen ne muke da magana. Almuɗawwa ya cire alif da lam daga kowane suna, kuma gaskiya ne cewa ana iya sifanta bawa da waɗansu daga cikinsu, gama ƙarshen Suratut Tauba ya sifanta Annabi da tausayi da jin ƙai da lafuzza biyu daga cikinsu. Amma ba duka ba. Jabbar, in aka sifanta mutum da shi, zargi ne, shi ya sa Suratu Maryam ta kore shi daga Annabi Yahaya da Annabi Isa, aminci ya tabbata a gare su. Sa wa jarumin yara wannan suna kuskure ne na wanda bai zauna da malaman lugga ba, haka kuma raba sunayen ɗaya ɗaya ga duwatsu abu ne da zuciyarmu ba ta natsu da shi ba. Da ya shawarce mu da mun ce ya sake sunaye ya bar labarinsa. Amma kuskure a wurin mai kyakkyawar niyya gyara ake yi masa, ba a neman jininsa.

BIYUN DA KE ƘASA

A can ƙasan kwalin akwai littattafai biyu naɗe a tsohuwar jarida. Dattijon bai san abin da ke cikinsu ba, bangonsu ba shi da abin tsoro. Da ya sani, da bai tsaya neman fatawa ba.

Na farko Imaratu Ya'aƙubiyan ne, na Ala'u Al'aswani, likitan haƙori, wanda ya fito a 2002. Labarin mazauna wani bene ne a tsakiyar Alƙahira, kuma mafi yawansa a kan cin hanci ne da zalunci: ga ɗan mai gadi wanda aka hana shi shiga makarantar 'yan sanda saboda sana'ar ubansa, aka azabtar da shi a tsare, ya ƙare a hannun masu tayar da bom. Amma a cikin mazauna benen akwai editan jarida, Hatim Rashid, namiji mai neman maza, wanda aka kashe shi a ƙarshe. Da aka mai da littafin fim a 2006, 'yan majalisar Masar fiye da 100 suka nemi a yanke wuraren da suka shafe shi. Ba mu ji sun nemi a binciki azabtarwar ba.

Na biyu ya fi nauyi. Sunansa Fi Gurfatil Ankabut, watau a ɗakin gizo-gizo, na Muhammad Abdunnabi, ya fito a 2016. An gina shi a kan abin da ya auku da gaske a watan Mayu na 2001, sa'ad da 'yan sanda suka kai samame wani jirgin shaƙatawa a kogin Nilu da waɗansu wurare, aka gurfanar da maza 52. Mai ba da labarin, Hani Mahfuz, magidanci ne mai mata da 'ya, ya fito daga kurkuku bakinsa ya mutu, ba ya iya magana, sai ya kulle kansa a ɗakin otal yana rubuta rayuwarsa tun daga ƙuruciya, ba shi da abokin zama sai gizo-gizo.

Mu faɗi abin da ya wajaba tun da wuri, don kada wani ya ɗauki rabin zancenmu ya gudu da shi. Hukuncin wannan aiki sananne ne, mazhabobi 4 sun haɗu a kan haramcinsa, ba mu da ikon ragewa, littafi kuma bai sauya mana shi ba. Inda marubucin yake son mai karatu ya ga babu laifi, ba mu bi shi ba. Akwai kuma shafuffuka a littattafan biyu da suka bayyana abin da kunya ta ce a sakaya, mun tsallake su, ba kuwa za mu ba yaro su ba.

Sai dai ambaton abu a littafi ba shi ne halatta shi ba, magabatanmu kuma ba su ɗauka haka ba. Waƙoƙin Abu Nuwas, waɗanda da yawansu a kan samari ne, malamai ne suka adana su shekara fiye da 1,000, har Ibnu Manzur mai Lisanul Arab ya tattara labaransa a littafi guda. Ma'aikatar al'adu ta Masar ce, a 2001, aka ba da labarin ta ƙone kofe 6,000 na waƙoƙinsa. Ibnu Hazmin Andalus, wanda ba a san shi da sassauci ba, ya rubuta Ɗauƙul Hamama a kan soyayya, ya kawo har labarin namijin da son wani namiji ya kwantar da shi ya mutu, bai yi masa dariya ba, sa'an nan ya rufe littafin da babi a kan munin saɓo da babi a kan falalar kamewa. Ya iya riƙe hukunci a hannu ɗaya, tausayi a ɗayan.

Abin da ya tsaya mana a rai daga littafin Abdunnabi shi ne kurkukun. Duka, da zagi, da binciken likita na wulaƙanci, da jaridun da suka buga sunayen mutane da hotunansu tun kafin alƙali ya zauna. A shari'ar farko, cikin Nuwamba 2001, an ɗaure 23, an sallami 29. To, waɗannan 29 da aka riga aka tallata su ga matansu da 'ya'yansu da maƙwabtansu, wa ya mayar musu da mutuncinsu? Shari'ar da ta haramta wancan aiki ita ce ta haramta bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, ita ce ta sa bulala 80 a kan mai ƙazafi a Suratun Nur, malamanmu na Malikiyya kuma sun shigar da jifa da luwaɗi a cikin ƙazafi. Jumhurun malamai ba su karɓar iƙirarin da aka samu da duka. Wanda ya ɗauki hukunci ɗaya ya zubar da sauran, ko ya tara 'yan unguwa da sanduna, ba Shari'a yake tsaro ba, fushinsa yake bi.

Akwai dalilin da ya sa wannan littafi ya yi mana nauyi fiye da yadda ya kamata, kuma mun daɗe muna shawara da zuciyarmu kafin mu rubuta shi. Shekara kusan 20 da suka wuce, wani ɗalibinmu, saurayi mai natsuwa, ya jira har kowa ya watse bayan lisha, ya matso ya durƙusa, ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai abin da ke zuciyata wanda ban zaɓa ba, ban aikata kome ba, ina son a taimake ni da addu'a." Da muka gane inda ya nufa sai muka ɗaga murya da neman tsari, muka karanto masa ƙissar mutanen Annabi Luɗu tun daga farko har ƙarshe, kamar bai san ta ba, muka ce kada mu sake ganinsa kusa da yaran makaranta. Ya tashi bai ce kome ba. Alhali kuwa a daren nan mun san hadisin Buhari da Muslimu cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya matuƙar ba su aikata ko sun furta ba, mun ma karantar da shi. Mun san Annabi ya hana a la'anci mutumin da aka sha kawo shi saboda giya, ya shaida masa da son Allah da Manzonsa. Yaron nan bai zo da saɓo ba, da jarrabawa ya zo, yana neman mai taya shi ɗauka, mu kuwa tsoron abin da mutane za su ce ya fi ƙarfin ilminmu. Ba wa'azin wani malami ne ya tuna mana da shi ba, wani bebe ne na ƙarya a ɗakin otal.

Da wata 3 suka cika muka kira ɗan dattijon shi kaɗai. Muka tambaye shi abin da ya karanta, muka yi muhawara a kan Jabbar har ya yarda da rabin zancenmu. Game da biyun nan ya ce ana ta zancensu ne a tsakanin ɗaliban adabi, ya saya don ya san abin da ake faɗa. Muka karɓi zancensa a yadda ya faɗe shi, ba mu tambaye shi abin da Shari'a ba ta ba mu ikon tambaya ba.

Ga uban kuwa muka ce, "Alhaji, kalmar da kake so ba za ta fito ba, domin ba abu ɗaya ne a kwalin ba. Na likitan nan halal ne ga wanda ba za su hana shi salla da aiki ba. Na Bagadaza, da kana jin Larabci da mun ce ka karanta. Mujallun zane a bar su, a gaya wa yara gyaran da ke cikin sunayen. Biyu kuma za su zauna a wurinmu, mai su ya zo ya ɗauka ranar da ya yi ɗakin kansa inda ƙannensa ba su shiga." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi dai tsoronsa kada yaron ya lalace. Muka ce yaron da ya bar gida cikin fushi ya fi kusa da abin da yake tsoro fiye da wanda ke karatu a ɗakin uwarsa. Ya sa aka ɗauki kwalin. Kananzir ɗin, in ji shi, an zuba a risho.

Shi kuwa wancan ɗalibi, a daren da ya tashi ya manta Risalarsa a kan tabarma. Tana nan a kan kantarmu, da tsinken da ya sa alama a babin azumi. In Allah Ya sa yana raye, kuma wannan jarida tana isa inda yake, to, zauren yana nan inda ya san shi, muna zama bayan lisha kamar da.